Ranar da Hannun Zinariya Ya Sauke Jirgi

A duk kamfanin jiragen nan babu hannu irin na Kyaftin. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma wa ya fi shi sani? Shi ne shugaban sashen ɗaukar matuƙa, mai igiyoyi a kafaɗa, mai baƙin tabarau ko a cikin lif mai hawa bene. Ma'aikata na kiransa Hannun Zinariya. Yana jin daɗin sunan ƙwarai, don bai taɓa waiwayowa ya ga fuskokinsu ba.

Jarrabawarsa ba ta da tsawo. Mai neman aiki zai miƙa hannu, Kyaftin ya murza tafin, ya taɓe baki.

"Laushi kamar burodi! Ɗan nan, kai ba matuƙi ba ne, fasinja ne mai kujerar gaba. Mu a zamaninmu da ƙashin hannu muke lallashin jirgi. Ku kuwa ku danna maɓalli, na'ura ta tuƙa, ku sha shayi. Na gaba!"

Haka ya yi ta kora har jirage suka fi matuƙa yawa. Manajar kamfanin ta gaji. Ta ce ya shiga ɗakin gwaji, akwatin nan mai kama da kan jirgi inda ake koyon tuƙi, ya kashe na'urar da ke tuƙi da kanta, ya sauka da hannu a gaban masu neman aiki. In ya yi, kujerarsa na nan. In ya kasa, ya tattara komatsansa.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "ai hutu kika ba ni."

Ya shiga, ya ja ƙofa. Manaja da masu neman aiki suka zauna a waje suna kallon allo. To, a jikin sitiyarin akwai maɓallai biyu maƙwabtan juna: ɗaya na kashe na'ura, ɗaya na magana da waje. Rabon Kyaftin da sitiyari kuwa tun kafin a sake masa fasali. Ya lalubo ɗaya, ya danne, ya riƙe gam.

Sai lasifika ta buɗe.

"Wayyo Inna! Wannan abin mai ƙyaftawa kuma na mene ne? Kai jirgi, ka rufa mini asiri, ina da iyali. A hankali, ɗan albarka. Don Allah a hankali!"

Jirgi ya sauka sumul, ko shayin da ke kofi ba zai motsa ba.

Kyaftin ya fito, riga sharkaf da gumi. Ya gyara tabarau, ya ɗaga hannun dama sama.

"Kun gani, yara? Ko ɗar ban ji ba. Wannan shi ake kira hannu."

Manaja ta nuna masa allo, inda koriyar fitilar na'ura ke ci tun tashi har sauka.

"Kyaftin, mun ga wadda ta sauke jirgi, kuma za ta ci gaba da aikinta. Kai ma ba za mu yi asararka ba. Muryarka ta fita tangaran."

Yanzu in ka je filin jirgi ka ji wata murya mai kauri tana ba fasinjoji haƙuri wai jirgi zai makara, ka saurara da ladabi. Hannun Zinariya ne. Har yau maɓallin nan yake dannawa, kuma bai taɓa kuskurensa ba.