Ranar da Tiransimita Ta Karya Min Alwala

Ko na so mantawa da wannan la'asar, mutanen Kibiya ba za su bar ni ba. Ni dai mai gyaran rediyo ne a Rano, kuma surukina liman ne a wani masallacin unguwa a Kibiya. Wani bawan Allah ya ba su tsohuwar tiransimita, irin mai kwalabe a ciki, don tsofaffi su riƙa jin karatu a rediyo daga gida. Wa za a kira? Mijin 'yar liman, mana. (Aikin suruki kuwa kun san ladansa: "Allah ya yi albarka.")

A cikinta akwai wasu faranti jere da ke daidaita mata wuta, siliniyam ake ce musu, saiti biyu. Yanzu cire su ake yi a sa ɗan dayod na silikon, wanda bai fi ƙwayar wake ba. Na canza saitin farko. Na biyun yana can ƙarƙashi, sai an kwance rabin injin, ni kuwa bayana ya ƙage, ido ya gaji. Na ce ai yana aiki, a bar kaza cikin gashinta.

Abin da na sani sarai, na yi kamar ban sani ba: in siliniyam ya fara ƙonewa, warin ruɓaɓɓen ƙwai yake yi.

Ranar gwaji ina tsugune a bayan liman, kusa da injin, dattawa sun cika sahu. Karatu ya yi nisa sai wari ya taso. Alhaji Sule, wanda ya fi kowa kusa, ya ja rawani ya rufe hanci. Ido ya fara juyowa kaina ɗaya bayan ɗaya. Ga shi lokacin salla ya yi.

Surukina ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya don ya rufa min asiri: "Malam, ɗan Adam ne. A je a sake alwala."

Makirufo na bakinsa. Tiransimitar da nake roƙon Allah ta mutu, ba ta mutu ba tukuna. Har ƙauyen Nariya an ji.

Ya zan yi? In yi musu da surukina a gaban sahu, in ce "Baba, siliniyam ne"? Na ce "To, Baba," na kashe injin, na ɗauki buta. Da na kashe kuma warin ya lafa daidai fitata, shaida ta cika.

Na dawo gida a gajiye, na tarar matata ta riga ta ji a waya wajen gwaggonta. Sai ta ɗauke kwanon waken da ta ajiye min, ta kawo min tuwo.

Washegari na kwance injin har ƙasa, na sa dayod ɗin, aikin da bai kai shan shayi ba. Yanzu ko a gajiye nake ba na barin rabin aiki. Tiransimita dai ta gyaru. Ni ne har yau in na shiga sahu a Kibiya, ake bar min fili hagu da dama.