Warin Sodabi a Gidan Surukai

Fuskata maiƙo gare ta, kafin azahar tana ƙyalli kamar kaskon suya. Da na karanta a mujallar Faransanci cewa alkol na farmasi, ruwan goge rauni mai warin barasa, yana busar da maiƙo, sai na ji na fi duk Zongo ilimi. Ranar da zan je gaida baban Rabi, wadda nake nema, na shafa shi har wuya.

Na durƙusa. Tsohon ya shaƙi iska, sannan ya ce, "Ɗana, sodabi da hantsi?"

Ni da ban taɓa ɗanɗana giyar nan ta Lome ba. Sai da liman ya sa baki aka ba ni Rabi. Har yau, da jikokinmu, in zan yi alwala sai ta ce, "Malam Sodabi, a wanke da kyau."