Ranar da Ragona Ya Shiga Layin 'Yan Shadda

Ni na kafa wa Alhaji, mai butik ɗin shadda a Babbar Kasuwa, shafin sayar da kaya a intanet. Ni kuma na cika masa kunne cewa shafin biyu ne: na gwaji, inda ba mai ganin ɓarnata, da na ainihi, inda jama'a ke saye. "Alhaji, ƙwararre ba ya taɓa na ainihi sai ya gwada," na ce, har da ɗaga yatsa.

Rannan zan gwada sabon tsarin hotuna, sai na cire shaddojin kaf na liƙa hoton ragon layyata. Na danna, na tafi cin dambu hankali kwance. Ashe a na ainihi nake.

Alhaji ya kira ni: "Injiniya, wata Hajiya daga Damagaram tana tambaya ko akwai shi baƙi."

Abin haushi, shafin bai tsaya ko daƙiƙa ɗaya ba! Wa ya yaba? Ko mutum ɗaya. Shekara uku ke nan, amma in na ratsa layin sai wani ya ɗaga murya: "Injiniya, a yanko mini mita biyar ta wajen cinya!"