Tagar Ɗakin Zane Za Ta Cika Ranar Juma'a

Da zuciya cike da baƙin ciki, ni Godelieve Vermeersch, malamar haɗa launi a makarantar zane ta wannan jami'a, nake sanar da abokan aiki da ɗalibai, na da da na yanzu, rasuwar uwarmu, babbar tagar ɗakin zane da ke tsohon ginin nazarin tsirrai. Na san ba a saba buga sanarwa mamaci yana da sauran numfashi ba. Amma wannan ajali magina ne suka yanke shi, har sun manna shi a jikin shinge: ranar Juma'a.

Marigayiya ta girmi kowa a jami'ar nan. Arewa take fuskanta, don haka rana ba ta taɓa faɗowa ta cikinta kai tsaye ba. Haske take bayarwa mai sanyi, wanda ba ya sauya hali daga safe har la'asar. Ja a gabanta ja ne, shuɗi shuɗi ne, kuma ba ta taɓa yi wa zanen kowa kara ba, ko da na farfesa ne. Tana da mita, ba za mu ɓoye ba. In iskar teku ta taso sai ta kama "ƙar-ƙar-ƙar" kamar tsohuwa mai jin sanyi, in ruwa ya sauko ta koma "tas, tas, tas", tana ɗiga wa na kusa da ita a ƙeya. Da hunturu mun sha riƙe buroshi da safar hannu. Duk mun yafe mata.

Ciwon ajalin ya fara ne da albishir. Aka ce za a gyara tsofaffin gine-ginen, a ƙara mana sabon ɓangare, mu daina cunkushewa. Har tafi muka yi. Doka ta hana a lalata tagar, kuma ba wanda ya taɓa ta da mugunta. An ciro gilasanta ɗaya bayan ɗaya, an naɗe su cikin barguna, an kai wa gwanaye sun wanke, an kankare tsatsar ƙarfen, an mayar da kowanne gurbinsa. Ban taɓa ganinta da kyau haka ba. Daga nan sai bangon sabon ɓangaren ya fara tashi a gabanta, tsakaninsu ɗan lungu ne da bai fi a tura keke ba. Hasken ya riƙa janyewa daga ƙasa zuwa sama, yanzu layin gilashi na can ƙoli kaɗai ke da rai. Ranar Juma'a za a ɗora rufin kankare a kan lungun.

Na kai kuka ofishin kula da tsofaffin gine-gine. Matar da na tarar ta ba ni kofi, ta tausaya mini sosai, ta ce, "Malama, gilashi da ƙarfe aka ce mu tsare, ga su nan lafiya lau. Haske ba ya cikin doka." Ta yarda kwamiti ya saurari ƙarata, amma sai mako mai zuwa. Kowa ya san kankaren da ya riga ya hau ba ya saukowa.

Marigayiya ta tafi ta bar ɗalibai bila adadin, masu zanen kujeru da tufafi da bangon littattafai. Cikinsu akwai Wannes Declercq, wanda ya zana sabon ginin. Na tare shi a bakin shinge, yana sanye da hular magina. Ya ce, "Haba Malama, fitilun da zan sa miki sun fi rana ladabi. Ki danna kawai, ki zaɓi safiya ko yamma." Na ce, "Wannes, ɗan nan, a gaban tagar nan na koya maka bambanta wannan ruwan toka da wancan. Yau kai ne za ka ba ni safiya a makunni?" Kunnuwansa suka yi ja, ya ce jadawalin aiki ba a hannunsa yake ba. Yaron kirki ne, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ta kuma bar maraya guda, ajin haɗa launi. An riga an sanar da ni cewa in babu hasken rana za a mayar da shi kan na'ura, yara su riƙa zaɓen launi da lamba.

Tsarin jana'iza shi ne kamar haka. Za a taru ranar Juma'a da sassafe, kafin magina su fara aiki, a cikin lungun, daidai inda kankaren zai sauka. Rik, mai tuƙa injin ɗaga kaya, ya gaya mini da bakinsa, "Mama, in akwai mutum a ƙasa ba na sauke komai, ko sarki ne ya ce." Ba a buƙatar furanni. Kowa ya zo da kujera da rigar ruwa, domin zaman makokin zai kai har ranar da kwamiti zai zauna. Kofi da burodi da cuku suna wuyana, kamar yadda aka saba bayan biso.

Wajibi ne in faɗa wa masu zuwa abin da shugaban makaranta, Staf Goethals, ya faɗa mini. Ya ce, "Godelieve, na san halinki. Duk wanda ya tsallake shingen nan ya ajiye mini makullinsa a tebur, aikinsa ya ƙare. Saura ƙiris ki yi ritaya, kar ki zubar da fanshonki a kan taga." Tsoro nake ji, ba zan yi ƙarya ba, ko abinci na kasa ci. Saboda haka ɗaliban shekarar ƙarshe da masu ƙananan yara su tsaya daga cikin ɗakin zane, su yi ta'aziyyarsu ta gilashi. In ma ba wanda ya zo, kujera ɗaya ta isa ta tsayar da injin. Makullina yana kan teburin Staf tun ɗazu.