Rasuwar Daɓen Falon Gidan Koskela

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, gwargwadon wanda shekaru suka rage mata, Uwargida Aili Koskela ta garin Calumet tana sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da matan ƙungiyar coci rasuwar daɓen katakon falonta, wanda ya cika a ƙarshen hunturun nan bayan doguwar jinya. Ta kuma ga ya dace ta taɓo maganar da ke yawo tun marigayin yana da sauran numfashi, wai surukarta Noreen ce ta kashe shi da ruwa.

Marigayin haifaffen dajin bayan gari ne, itacen mapul zalla, babu gauraye. Mijinta Reino, wanda ya riga shi tafiya, shi ya shimfiɗa shi a shekarar aurensu, yana durƙushe da ƙusoshi a baki, yana cewa jikokin jikokinsu za su taka shi. Kowa a garin nan haka ya ɗauka. Katako zalla, in ji mutane, ba ya mutuwa. In ya tsufa a kankare fuskarsa, ya dawo jariri.

Ya kasance mai haƙuri da kawaici. Ya ɗauki rarrafen yara uku, faratan karnuka da ƙafar kujerar Reino, bai taɓa kai ƙara ba. Da sanyi yakan buɗe tsaga har ya haɗiye allura, da zafi ya rufe bakinsa. Maganarsa ba ta da yawa: "ƙiii" a bakin ƙofar kicin, in wani ya nufi gwangwanin biskit kafin baƙi su iso, sai "ƙarat" a gindin bene. Takalmi bai taɓa hawa kansa ba, sai ranar da ma'aikatan motar asibiti suka zo ɗaukar Reino. Suna sauri, babu wanda ya ce su cire.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da tsagewa a gefen allunan. Tsinken katako ya riƙa kama safa, kawunan ƙusoshi suka leƙo. Hakan kuwa ya zo daidai da dawowar ɗanta Dale da matarsa Noreen gidan, waɗanda suka baro birnin Green Bay don kada a kai Aili gidan tsofaffi. Noreen takan goge ƙasa duk Asabar. Wata Lahadi ana shan kofi bayan sujada, Elvi Maki, ɗaya daga matan ƙungiyar coci, ta ce, da muryar da take zaton raɗa ce: "Shekara sittin ko tari bai yi ba, Aili, sai da 'yar birni ta shigo da bokitinta." Noreen tana bayanta da faranti a hannu. Tun ranar ba ta sake sauka wurin kofin ba, aka kuma ji tana tambayar Dale ko gidansu na can ya samu mai haya. In suka koma, Aili ta san inda za a kai ta, ta san har launin labulen ɗakin, don can ƙanwarta ta ƙarasa.

Aili ta koyar da kimiyya har ta yi ritaya, kuma ba ta taɓa ba ɗalibi maki don ya ce kowa ya sani ba. Ta sa Noreen ta ɗaga murfin ƙarfen ramin da iska mai ɗumi ke fitowa, inda ake ganin kaurin katakon ta gefe. Noreen ta riƙe mata hannu, Aili ta durƙusa, Noreen ta kawo mata tabarau da rula. Ruwa yana kumbura katako, ya baƙanta shi, ya lanƙwasa gefensa. Wannan a bushe yake, fari, a miƙe. Sai dai naman katakon da ke saman tsagin da alluna ke shiga juna bai fi ɓawon ƙwai ba. Daga nan ta sa aka buɗe lungun ƙarƙashin bene, inda injin kankare katako ba ya iya shiga. Daɓen can ya fi na falo tudu, har yatsa yana jin matakin.

Ba ta ji komai ba a lokacin, sai ciwon gwiwa. Ta tuna dai cewa Reino ba ya yarda baƙo ya ga ƙarzane a falonsa. Baftismar kowane yaro, auren kowane yaro, zuwan sabon fasto, har walimar 'yar Elvi da aka yi a gidan, sai ya ɗauko hayar injin kankara, ya kori kowa waje, ya ci fuskar daɓen har ta yi fari, ya shafa mata man ƙyalli. Garin katakon kuwa yakan zuba shi a buhu ya kai lambun dankali. Ashe rabin marigayin an daɗe da binne shi.

Ya rasu ya bar matakan bene, dokin ƙofa, da ragowar alluna a gareji da ba su taɓa aiki ba. Ya bar Dale, wanda ya dage a sayo katako zalla a madadinsa, don abin da Baba zai so ke nan. Aili ta zaɓi katakon haɗi, falle-falle da aka manne aka ɗora masa siririyar fuskar mapul, wanda ba ya buɗe baki da sanyi, ba ya kuma damuwa da danshin ɗakin ƙasa.

"Mama, wannan fa sau ɗaya ake kankare shi, in ya yi yawa biyu," in ji Dale.

"To, wa zai kankare?"

Noreen ce ta zaɓi launin.

Za a ɗauke gawar ranar Asabar da hantsi. An keɓe allon bakin kicin, mai cewa "ƙiii", zai zauna a gareji, ko da yake tun da aka gwada ɗaga shi ya yi shiru. Sauran za a raka su juji a motar Dale, ba a buƙatar furanni. Bayan haka akwai kofi da burodi mai zaƙi a kicin, Noreen ce za ta zuba. Masu ta'aziyya za su iya shigowa da takalmansu. Ana roƙon Uwargida Elvi Maki ta zo da wuri, da tabaranta, an bar mata murfin ramin a buɗe.

Ruwa bai taɓa shi ba. Reino ne ya kankare shi har ya ƙare.