Rarrafe a Gaban Suruki

Ba zan taɓa mantawa da hantsin da na yi kukan jaki a gaban mahaifin yarinyar da nake nema ba. Da hankalina na yi, babu wanda ya tilasta ni, kuma wai duk cikin neman aiki ne.

Ni dai tun ina lakwal, wato firamare, a Dogon Dutsi babu abin da na iya kamar zane. Da na gama lise, wato babbar sakandare, na gaji tsohuwar ordinatar yayana, kwamfuta ke nan, na koya wa kaina zane mai motsi, irin wanda yara ke kallo a talabijin. A gida ba a ɗauke shi sana'a ba. In baƙi suka tambaye ni, Inna kan ce, "Shina ɗaki, shina wasan yara." Shi kuwa Alhaji, mahaifin Ramatu da nake nema, ɗan kasuwar wake da gero ne, mutumin da ba a ganin haƙoransa sai in yana asuwaki. Da manyana suka je masa maganar sa rana, abu ɗaya ya ce: yaro ya samu aiki tukuna. (Ban ga laifinsa ba. Ni ma da ɗiyata ce, da ban ba ni ba.)

Mai neman aikin zane ba takardar makaranta ake fara tambayarsa ba, tarin ayyukansa ake son gani, abin da ake kira fotfoliyo. Damina guda na shafe ina haɗa nawa. Na zana mata suna daka, na zana motar garin Dogon Kiriya da kaya har sun fi ta tsawo. Amma abin alfaharina shi ne ɗan gajeren fim na wani jaki mai jan amalanke, wanda ya toge a tsakiyar hanya, ya yi tutsu, ya watsar da mai shi cikin buhunan wake. Sana'ar tana da wani sirri: kafin ka motsa zane, sai ka gwada motsin da jikinka, ka ji inda nauyi ke sauka. Don haka na sha rufe ƙofa in yi ta rarrafe a ɗaki, har gwiwoyina suka yi kanta.

Na aika fotfoliyon wurare da dama. Wasu suka yi shiru, wasu suka gode mini da Faransanci mai ladabi. Na fara karaya, har na soma tunanin koyon gyaran waya. Sai wani ƙaramin kamfani a Yamai, masu yin finafinan yara, suka ce suna neman sabon hannu, za su gana da ni ta kiran bidiyo.

A gidanmu rezo, wato sabis ɗin waya, sai ya ga dama yake shigowa. Inda yake da ƙarfi shi ne wani ɗan tudu bayan rumbunan unguwarmu, gefen hanyar Kiyeshe. Can na tafi cikin rigata ta sallah, na jingina waya da dutse, na toshe kunnuwana da abin sauraro, na zauna kamar mutumin kirki.

Shugabar tasu mace ce mai fara'a, Madam suke kiranta. Bayan ƴan tambayoyi ta ce, "Jakinka ya ba mu dariya. Amma yanzu da yawa aikin wasu suke kwasowa su ce nasu ne. Yaya ka samo wannan tutsun?"

Mai hankali da baki zai yi bayani. Ni kuwa, uban zaƙewa, sai na ce bari in nuna mata. Na tattare rigar sallah, na duƙa da hannu da gwiwa a cikin yashi. Na toge, na girgiza kai, na harba ƙafafuna baya. Madam ta tuntsire da dariya, ta kira abokan aikinta su zo su gani. Da na ga kasuwata ta buɗe, sai na ƙara da abin da ba a tambaye ni ba: na ɗaga wuya sama na saki kukan jaki, da iyakar ƙarfina.

Kunnuwana a toshe, ban ji tsayawar moto, wato babur, ba. Inuwa na fara gani, sannan takalma. Takalman da na sha kauce wa a ƙofar zauren su Ramatu.

A wurinmu ko daga nesa ka hango suruki sake hanya kake yi, in kuma ba makawa ka durƙusa ka gaida shi, kai a ƙasa. To, durƙuson dai na riga na yi, har da ƙari. In miƙe tsaye a gabansa rashin kunya ne, in zauna a haka hauka ne. Sai na zaɓi haukan. Daga nan ƙasa, da yashi a gemuna, na ce, "Baba, ina kwana?"

"Subhanallahi," in ji Alhaji a hankali. "Yaro, tun yaushe abin ga ya same ka?"

Kafin in buɗe baki ya dafa kaina ya fara karatu yana tofa mini. Wasu mata da suka taso daga itace suka ja suka tsaya. Ɗaya ta ce aljana Doguwa ce ta hau ni. Ɗayar ta ce tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin Doguwa ta yi kukan jaki ba. Kunyar da na ji a lokacin, da ƙasa ta tsage da godiya zan shige.

Da ƙyar na cire abin kunnen, na rarrafa na buɗe muryar wayar. "Baba, lahiyata lau. Aiki nika nema. Ga su nan cikin waya."

Alhaji ya sunkuya ya leƙa. Madam ta gyara kallabinta, ta gaishe shi da girmamawa, ta yi masa bayanin sana'ar a taƙaice. Sannan ta tambaya, "Alhaji, ɗanku ne?"

 Ya dube ni tun daga kai har gwiwa.

"In kun ɗauke shi, surukina na," ya ce. "In ba ku ɗauke shi ba, jakin wasu na."

Ranar na fara ganin haƙoran Alhaji ba tare da asuwaki ba. Ya hau motonsa ya wuce gona, kafaɗunsa na rawa.

Sun ɗauke ni, da farko a matsayin ɗan koyo, daga baya aka tabbatar da ni. Bayan girbi aka sa rana. Ramatu ta tura wa mahaifinta fim ɗin, kuma an ce duk wanda ya zo sayen wake sai ya nuna masa, yana cewa, "Yaron gidana ya yi shi." Inna ma ta daina cewa wasan yara nake yi.

Abin da na koya shi ne, in za ka zana dabbar da za ka nemi aiki da ita, ka zaɓi wadda za ka iya kwaikwayonta a tsaye. Fim ɗina na gaba a kan zakara ne, kuma a ɗaki nake cara, ƙofa a kulle.