Sansanin da Aka Cire wa Zuciya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haushi ma ya samu lungu ya zauna a cikinta, iyalan Baba Mai Famfo na sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa riƙe masa spana, rasuwar sansaninsa, wanda ya cika ranar Asabar da yamma yana da shekara huɗu da wata biyu.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, ya rayu ne a cikin wani wasan kwamfuta, a kan wata duniya mai rana biyu, inda iska guba ce, sanyi kuma ke fasa ƙarfe. A can ake jefar da mutum hannu rabbana, a ce ya gina wa kansa wurin numfashi ko ya mutu. Mai son yin dariya ya yi yanzu ya gama. Mu a gidan nan mun yi tamu tun shekara huɗu da suka wuce, kuma ta ƙare.

An haifi marigayin a shekarar da gwiwoyin Baba suka ce sun gaji. Shekara arba'in yana durƙuso a bayan gidajen mutane yana ɗaura bututu, rana ɗaya likita ya ce ya isa haka. A watan nan ne kuma Auta ya samu aiki a wani gari mai nisa. Da zai tafi ya bar tsohuwar kwamfutarsa a kan teburin falo, ya saka wasan, ya ce duk Asabar ƙarfe huɗu na yamma za su riƙa haɗuwa a ciki, shi daga can, Baba daga nan. Baba ya kalli akwatin ya ce shi da furfurarsa ba zai zauna wasan yara ba. Ya dai zauna. A Asabar ta farko sau bakwai ya mutu. Sau uku iska ta ƙare masa, sau biyu ya faɗa rami, sau ɗaya ya ci wani ɗan itace mai ruwan hoda, na bakwan kuwa har yau ba a san me ya kashe shi ba.

Da nan zancen ya tsaya, ba don Auta ya kai shi ya ga ɗan ɗakin da ya haɗa ba. Baba ya zuba wa bututun ruwan ido, ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin kwamfutar.

"Wane ne ya yi maka wannan aikin?"

"Ni ne, Baba."

"Kai ɗin ɗan wa?"

Daga ranar ya karɓe aikin. Ya warware komai ya sake ɗaurawa, bututun ruwa shuɗi, na iska rawaya, kowane reshe da makullinsa, kowane makulli da lambarsa, har ya sayi littafi mai layi yana zana taswira da fensir. Mama ta ce ta auri mai famfo, ta yi zaton ritaya za ta dawo mata da miji, ashe wata duniyar ce za ta ɗauke shi aiki ba albashi.

Marigayi ya kasance mai haƙuri, mai riƙon amana, marar yoyo. A shekara huɗu ko ɗigo ɗaya bai taɓa zubarwa ba. Ya girma daga ɗaki ɗaya zuwa ɗaki goma sha ɗaya, da ma'ajiya, da lambu a ƙarƙashin rufin gilashi mai shuka talatin da biyu. Guguwar duwatsu ta faɗa masa sau tara, ya tsaya. Ba ya ƙorafi. Maganarsa ba ta wuce uku ba, kuma duk wanda ya zauna a falon nan ya haddace su. Akwai "huuummm" na babban injin, wanda ba ya yankewa. Akwai "fishhh, tak" na ƙofa in ta rufe bayan mutum. Sai wata murya ta mace, mai sanyi, da ke cewa "Iska ta wadata" duk lokacin da aka shigo. Baba kan amsa mata da "Madalla," kamar tana jinsa.

Babban halin kirkinsa kuwa, wanda saboda shi ake wannan sanarwa, shi ne ya iya buɗe bakin mutane. Duk wanda ya san Baba da Auta ya san wayarsu. "Kana lafiya?" "Lafiya lau." "Ya aiki?" "Da godiya." "To, ga mamanka." Minti ɗaya da rabi, an taɓa dubawa. Amma a cikin sansanin, ɗaya na riƙe da bututu ɗaya na ɗaurewa, ba mai kallon idon wani, sai magana ta riƙa zubowa. A ɗakin tace ruwa Auta ya gaya wa Baba an sallame shi daga aikin farko, wata biyu kafin Mama ta ji. A kan rufin lambu, suna canza gilashi, ya ce akwai wata da yake so a je a gani. A nan Baba ya ba shi labarin ranar da shi ma ubangidansa ya kore shi saboda ya fasa wa wani babban mutum tanki, labarin da mu manyan ba mu taɓa ji ba. Awa uku, wani lokaci huɗu, har shayin da ke gefensa ya huce. Duk mako Baba na rayuwa ne daga Asabar zuwa Asabar.

Marigayi ya kuma kasance mai karɓar baƙi, kuma nan ne ajalinsa ya shigo. Bara Auta ya kawo abokansa biyu, Dogo da wani da ake ce wa Injiniya, wanda bai taɓa haɗa ko fitila ba. Baba ya gina musu ɗaki ɗai-ɗai, ya ja musu ruwa, ya ba su lambar ƙofa. Sun ci daga lambunsa, sun shaƙi iskarsa, suna ta "Baba ikon Allah, Baba gwani." Dama da ɗan gari akan ci gari.

Rashin lafiyar ta fara ne da wani talla. Masu wasan suka fitar da ƙari, wai an buɗe wani wata a sararin samaniya, teku ne gaba ɗayansa, da kifaye masu haske da gidajen da ake ginawa a ƙarƙashin ruwa. Sai dai ba a zuwa can sai da kumbo, kumbon kuma ba ya tashi sai da zuciyar wuta, wani dunƙulen ƙarfe mai walƙiya, guda ɗaya tak a duk duniyar. Shi ne wanda Baba da Auta suka haƙo daga ƙarƙashin dutse a Asabar uku jere, suka dasa a tsakiyar sansani. Shi ke yin "huuummm" ɗin nan. Shi ke ba da ɗumi, da haske, da iska.

Auta ya nemi izini, ba za a yi masa ƙarya ba.

"Baba, in muka cire zuciyar nan muka tafi gaba ɗaya fa? A can ruwa ne ko'ina. Aikinka ne zalla."

"Shukokin fa?"

"Sai a bar su."

"Ba a kwance famfon gida don a je kallon kogi. Ku bari sai na yi tunanin wata dabara."

"To Baba, na ji."

Na ji ɗin 'ya'yan yanzu.

Ranar Laraba Mama ta raka Baba asibiti aka yi masa allurar gwiwa, likita ya ce ya kwanta kwana uku ƙafa a miƙe. Auta ya sani, don shi ya tuna masa da ranar. Ita kuwa waccan duniyar ba ta tsayawa don an kashe kwamfuta, ranakunta na ta juyawa ko da kowa ko ba kowa. A wannan Larabar su uku suka shiga, suka cire zuciyar, suka ɗora a kumbo, suka tashi.

Asabar ƙarfe huɗu saura kwata Baba ya dogara sanda ya zo ya zauna, Mama ta ajiye masa shayi. Ƙofar sansanin ba ta ce "fishhh" ba, sai da ya tura ta da hannu. Ciki duhu. Shuɗin bututun ya daskare ya tsattsage, ƙanƙara na reto daga rufi, shukokin lambu sun yi baƙi sun kwanta. Muryar nan ta mace ta yi ƙoƙari, ta ce "Iska na ra..." sai "ƙit." Ita ce kalmarsa ta ƙarshe da wani ya ji.

Baba ya kunna fitilar goshinsa ya bi layi, makulli bayan makulli, yadda ya saba in an kira shi gidan da ruwa ya ɓaci. Yana so ya ga ɓarna. Yana so ya ga an fizge, an karya, an yi aikin gaggawa irin na ɓarawo, don ya ce Dogo ne, ko wannan Injiniyan na ƙarya. Abin da ya gani shi ne an rufe makulli na goma sha biyu, sannan na goma sha ɗaya, haka a jere har zuwa na ɗaya. An sauke ƙarfin iska kafin a kwance. An toshe bakin kowane bututu. Kusoshi takwas da ke riƙe da zuciyar an jera su a gefe a kan tsumma, manya a dama, ƙanana a hagu. Mutum ɗaya ne a duniyoyin nan biyu ya koya wa jera kusoshi haka.

Ya daɗe yana kallonsu. Mama ta leƙo ta ce lafiya?

"Aikin ya yi kyau," in ji shi. Ya cire tabarau ya goge, ya sake gogewa.

A bango an bar masa allo da rubutu: an saya masa ƙarin wasan kyauta, ya danna kaza zai tsinci kansa a cikin teku, an ajiye masa ɗaki mai taga. Da yamma Auta ya kira waya. Ya yi bayani mai tsawo, cewa su Dogo sun matsa, cewa ya san Baba ba zai taɓa yarda ba sai ya ga an yi, cewa can ya fi kyau nesa ba kusa ba. Da ya gama, sai ya ɗan yi dariya.

"Haba Baba, wasa ne fa."

"Wasa ne," in ji Baba. "To, ga mamanka."

An ci amanarsa, kuma ya sani. Asarar ɗaki goma sha ɗaya ba ta dame shi ba, mai famfo ya saba ganin aikinsa a rushe. Abin da ya yi masa ciwo shi ne shekara huɗu yana zaton wuri suke ginawa inda zai riƙa ganin ɗansa, ashe shi ɗan yana ganin tasha ce, ana jiran mota.

Marigayin ya rasu ya bar Baba Mai Famfo, da littafin taswira mai shafi sittin. Ya bar Mama, wadda ta samu mijinta a ƙarshe, ta ce da ta san haka zai dawo da ba ta roƙa ba. Ya bar wata 'yar amalanke mai tafiya da kanta, wadda Baba ke kira Jaka, har yanzu tana kwaso ƙarfe daga rami tana kai wa ƙofar ma'ajiya da ba ta buɗewa, ta tsaya, ta juya, ta koma. Ya bar baƙi biyu da suka ci suka goge baki, waɗanda ake roƙo kada su wahalar da kansu da ta'aziyya.

Ya kuma bar ɗaki ɗaya da rai. Tun shekarar farko, ba tare da ya gaya wa kowa ba, Baba ya ja wa ɗakin Auta layi na daban, da farantin hasken rana nasa shi kaɗai, wai ko wata rana babban injin zai tsaya yaron na ciki. Layin ba ya cikin taswira, shi ya sa mai rufe makullai bai gan shi ba. Duk sansanin ƙanƙara ne, amma ɗakin nan da ɗuminsa, fitilarsa na ci, shuka ɗaya a bakin taga ta yi sabon ganye.

Jana'iza za a yi ta ne ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, a falo, gaban kwamfuta. Za a rufe babban makullin rijiya, wanda shi kaɗai ya rage, sannan a kashe fitilar ɗakin Auta. Ana ba jama'a haƙuri, wannan ne karo na uku da ake sa mata rana. Babban makullin mutum biyu ke juya shi, ɗaya ya riƙe ɗaya ya murɗa, haka masu wasan suka yi shi. 'Ya'yansa manya sun ce a koya musu su kama masa, ya ce hannunsu bai san aikin ba. Asabar biyu ke nan yana shiga, ya zauna a ɗakin nan mai ɗumi har shayinsa ya huce, ya fito.

Ba a buƙatar kujeru, ba a karɓar gaisuwa ta waya. Baba ya ce a rubuta cewa shi ba ya jiran kowa, kuma an rubuta. Ya ce a ƙara da cewa lambar ƙofa tana nan yadda take, shekarar haihuwar mai ɗakin nan mai ɗumi.

Sanarwa daga 'yarsa ta fari, a madadin iyali.